Baba Ara-Mini da Ƙofar Malam Habibu

Baba Iliya ya mutu ranar Laraba da hantsi, a asibiti a Birmingham, da silifas ɗin wani a ƙafarsa. Shekara ɗaya ke nan.

Ku da kuka san shi ba za ku yi mamakin silifas ɗin ba. Da an ce da nasa ya mutu, shi ne za ku tambaya ko lafiya.

Fasto ya ce duk wanda ya zauna da shi ya rubuto abin da za a karanta a taron tunawa, kuma ya zama na dariya, don Baba ba ya son kuka. Ni ne Luka, wanda ya zauna a ɗakinsa na baya a unguwar Small Heath shekara huɗu. Zan ba ku dariyar. Akwai kuma wanda ba dariya ba. Fasto, kada ka tsallake shi.

Baba Ara-Mini. Haka kuke kiransa in ya juya baya. Ya sani, kuma yana jin daɗin sunan.

Ranar da mutanen coci suka kai ni gidansa, da jaka ɗaya da takardar neman mafaka, ko ruwa ban gama sha ba ya ce, "Zauna, ɗana. Bari in aro gishiri in dafa maka abinci." Ya ɗauki kofi ya fita. Na ce a raina, to, gidan da babu gishiri aka kawo ni. Na buɗe kabad ina neman cokali. Jama'a! Gishiri leda-leda a jere, kamar kanti.

Ya dawo da rabin kofi yana murmushi.

"Baba, ga gishiri nan fa."

"Na sani. Rufe."

"To me ya fitar da kai?"

"Dorin ta kwana biyu ba ta ɗaga labule ba."

Dorin tsohuwar Baturiya ce, mijinta ya mutu, gida na uku daga namu.

Ya ce, "In na ce na zo duba ta, sai ta ce lafiyarta ƙalau, ta rufe ƙofa. In na ce gishiri, dole ta tashi ta nemo, ta yi mini faɗa, ta ba ni labarin gwiwarta. Yanzu na san tana da rai, ita ma ta san tana da amfani."

Wannan shi ne dukan iliminsa, kuma kullum sai ya maimaita. "Mutumin ƙasar nan, in ka ba shi kyauta, sai ya kwana yana tunanin me kake nema. In ka roƙe shi, sai ya ji shi ma mutum ne."

Ni kuwa ba na roƙo. Bakanike ne ni a gida. Na taɓa yin kwana uku ba ci a tashar mota cike da masu sayar da abinci, ban miƙa wa kowa hannu ba. Sai ga ni a gidan mutumin da ke bin layi da kofi. Kunya ta kama ni tun ranar farko, ba ta sake ni ba.

Ashana, albasa, guduma, lema, tsintsiya. Komai yana da nasa a ɓoye. Kuma ba ya riƙe kayan mutane, wannan dole a faɗa. Yana mayarwa a kan lokaci, a goge tas. Ya ce mayarwar ita ce ziyara ta biyu.

Sau ɗaya ya mayar ba daidai ba, shi ma da gangan.

A layinmu akwai Rashid, ɗan Pakistan mai tasi, da Winston, ɗan Jamaika, tsohon direban bas. Sun yi faɗa a kan wurin ajiye mota, shekara biyu ba sa ko kallon juna. Baba ya je ya ari tsani wajen Rashid, ya ari injin huda bango wajen Winston. Babu abin hawa a gidan, babu abin hudawa. Suka kwana biyu a falo ina tuntuɓe da su. Rana ta uku ya ce, "Luka, ɗauki tsanin nan ka jingina a ƙofar Winston."

"Baba, na Rashid ne."

"Tsufa ne, ɗana. Na manta."

"Ai ga shi ina tuna maka."

"Kai ma ka manta."

Na kai. Shi kuma ya ajiye injin a ƙofar Rashid. Kafin yamma ga su nan su biyu a ƙofarmu, kowa da kayan ɗan'uwansa, suna zuba Turanci. Ni na shige kicin. Baba ya tsaya ya sa hannu a bayan kunne, mutumin da yake jin faɗuwar allura, yana cewa, "Sori, sori, ol man." Suka gaji, suka juya ga juna, suka yi musayar kaya a tsakiyar titi. Na leƙa ta taga na ga Winston yana nuna kansa da yatsa, Rashid yana gyaɗa kai yana dariya.

Na ce, "Baba, sun ce kanka ya taɓu."

"Su biyun suka faɗa?"

"Su biyun."

"Baki ɗaya?"

"Baki ɗaya."

Ya tafa hannu. "Madalla! Shekara biyu ba su yarda da juna a kan komai ba!"

Na cikin coci kun fi ni sani, kuna wurin. Fasto yana wa'azi a kan albarkar mai bayarwa, ya yi nisa, gumi yana zuba. Sai Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya.

"Fasto, tambaya."

"Baba, a bari a gama."

"Kafin a gama na manta. In kowa ya zama mai bayarwa, wa zai karɓa? Ni nake taimakon mutanen nan su sami albarka, ba wanda ya taɓa gode mini."

Coci ta fashe. Ni na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyina.

Bayan sujada Maman Rifkatu, shugabar zumuntar mata, ta tare shi a bakin ƙofa. Mama, kina nan, in na yi ƙarya ki faɗa. Ta ce, "Baba, don Allah ka rufa mana asiri. Kana zubar mana da mutunci a gaban Turawa da Musulmi. Za su ce Kiristan Najeriya maroƙa ne. In gishiri ne, gobe in aiko maka da buhu."

Ya gyara hularsa. "'Yata, ke kin fi Ubangijinki mutunci ne? Shi da ya roƙi ruwan sha a bakin rijiya, wajen macen da mutanensa ba sa gaisawa da nata. Inda aka haife shi aro ne. Jirgin da ya zauna ya yi wa'azi aro ne. Jakin da ya hau aro ne. Kabarin ma aro ne."

"Baba!"

"Kwana uku ya mayar wa mai shi, bai ɓata masa komai ba."

Mama ta juya za ta tafi. Sai ya ce, "Af, kin zo da lema biyu? Ara mini ɗaya."

Ta ba shi. Na gani da idona.

Sai maganar kare. Wannan ita ce ta fi ƙona ni.

Aka yi wa Dorin aiki a ƙugu, ba ta iya fita. Tana da wani ɗan kare kamar zomo, Biskit sunansa, har riga ake sa masa. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suka ce za su turo mai taimako, ta ƙi. Baba ya ce zai riƙa zagayawa da karen, ta ce ba ta son tausayin kowa. Ya dawo gida ya zauna yana tunani. Washegari ya koma.

"Dorin, ɓeraye sun hana ni barci. Ara mini karenki kullum da safe ya tsorata su."

Ta ba shi, har da gargaɗi kada ya wahalar da shi.

Baba Iliya fa! Mutumin da a rayuwarsa bai taɓa kusantar kare ba sai da sanda a hannu. Ga shi nan da babbar riga, da kot a kai, da hula, da igiya a hannu ɗaya, da leda a ɗayan, yana bin abin nan yana kwashe masa kashi a titin Small Heath. Wata shida yana yi.

Wata Juma'a ina dawowa daga wurin wankin mota da nake aiki, daidai an taso daga masallaci, titi cike da mutane. Na hango shi. Na tsallaka ɗaya gefen na ja hular sanyi na rufe fuska. Sai na ji muryarsa, da Hausa, har ƙarshen layi:

"Luka! Luka ɗana! Ara mini leda, ya yi na biyu!"

Akwai ɗalibai 'yan arewa a cikin taron. Na ji dariyarsu. Na ƙara sauri kamar ban taɓa jin sunan Luka ba.

Da ya shigo gida ya ce, "Na kira ka."

"Ban ji ba."

"Duk Birmingham ta ji. Ba komai. Wani Alhaji ya ara mini, mutumin kirki. Na bi shi na ga gidansa, gobe zan mayar masa da sabuwa."

Ɓera kuwa, ranar da na gaske ya fito daga bayan firij, Biskit ya haye kujera. Baba ya riga shi hawa.

To, dariyata ta tsaya a nan.

Gidan da ke manne da namu, bango ɗaya, ya daɗe babu kowa. Wata Asabar mota ta tsaya ana sauke kaya, sai na ji Hausa. Hausar Kano, tsantsa. Malam Habibu ne, ya zo karatun digiri na uku a jami'a, da matarsa Rabi da jaririyarsu. Da azahar ta yi na ji kiran salla daga wayarsa ta cikin bango. Na shiga banɗaki na yi amai.

Zan faɗa sau ɗaya, ba zan sake ba. A garinmu rikici ya tashi ranar kasuwa. Na dawo daga gareji na tarar da gidanmu toka. Matata Hannatu da ƙanena Yusufu suna ciki. Waɗanda suka yi, da Hausa suke magana, wasu na taɓa gyara musu mota. Namu ma sun yi nasu, na gani. Amma ba shi nake tunawa ba in na rufe ido.

Baba kuwa ko kayan ba a gama shigarwa ba ya je aron muciya. Sai da Rabi ta buɗe kwali uku kafin ta samo. Ya dawo da muciya da sunayen danginsu kaf, har unguwar da kakar Malam take.

Bayan kwana biyu ya ɗora tukunya ya ce, "Luka, shiga gidan Malam ka aro mini muciyar nan."

"Muna da muciya."

"Tasu ta fi tuƙi."

"Ba zan je ba."

"Taku uku ne."

Na miƙe. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Kai maroƙi ne, ka saba, ba ka da kunya. Ni ina da ita. Kai ba ka tone toka da hannunka kana neman ƙashin matarka ba. Ka daɗe a nan kana shan shayi da Turawa. Kada ka sake aike na gidan mutanen nan."

Mutumin da ya ba ni ɗaki, ya raka ni ofis-ofis har na sami takarda. Shi na faɗa wa haka.

Ya gyara zaman tukunya a kan wuta. Can ya ce, "Gaskiyarka. Ban tone ba. Shi ya sa ban ce ka je ka rungume shi ba. Ban ce ka yafe wa kowa ba, wannan tsakaninka da Allah ne, kuma shi Malam bai yi maka komai ba ma. Muciya na ce."

Ban je ba. Ya je da kansa. Ya dawo ya tuƙa tuwon, muka ci.

Bai daina ba. Duk wata sai ya gwada, kamar mai taɓa ƙarfe ya ji ko ya huce. Yau ludayi, gobe caja. In ce a'a, ya ce, "To, wata rana." Na taɓa tambayarsa bai gaji ba. Ya ce, "Manomi yana gajiya da jiran ruwa, amma ba ya cinye irin."

Malam Habibu kuma kullum muka haɗu a ƙofa sai ya gaishe ni. "Malam Luka, ina kwana? Ya sanyi?" In kalli ƙasa in ce, "Yes." Da Turanci. Ni da ban iya Turanci ba. Shekara biyu, wannan kalma ɗaya ya samu daga bakina. Da Kirsimeti Baba ya ari babbar tukunyarsu ya mayar cike da shinkafa da kaji, daga mahaucin halal ya sayo musamman. Da Sallah suka aiko da nama, da kwano daban Rabi ta ce na Malam Luka ne. Ban taɓa ba. Baba ya cinye kwano biyun, ya je ya ce musu na ce an gode.

Wata Asabar da rana, a watan Nuwamba, ina kicin na ji abu ya faɗo daga bene. Baba ne a ƙasan matakala, ido a buɗe, numfashi yana fita kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Na kira lambar motar asibiti. Wata mata ta ɗauka tana jero tambayoyi da sauri. Ɗan Turancin da nake da shi ya gudu. "Ol man fol, ol man fol," shi kaɗai nake faɗa. Ta ci gaba da tambaya. Na yar da wayar na fita.

Ƙofar Malam tana nan, taku uku. Ina jin muryarsa a ciki yana wasa da 'yarsa. Yana jin Hausa, yana jin Turanci. Na tsaya a gabanta. Na ɗaga hannu.

Ban buga ba.

Na ruga gidan Winston, ba ya nan. Motar Rashid ba ta nan. Na buga wa Dorin, tsohuwar da sai ta yi rabin yini kafin ta iso ƙofa da sandarta. Ina tsaye ina jira, ina jin takunta ɗaya-ɗaya, Baba yana kwance.

Da na dawo na tarar da Malam a durƙushe a kansa, yana danna ƙirjinsa da hannu biyu, yana ƙirgawa. Rabi ta tsinci wayata a ƙasa tana magana da matar. Sun ji faɗuwar ta bango. Rabi ta leƙa ta taga ta gan ni da hannu a sama, ta ga na juya na gudu. Ita ta ce wa mijinta ya fito. Idona ya haɗu da nata. Ba ta ce komai ba, har yau.

Malam ya ce, "Malam Luka, riƙe kansa." Na riƙe.

Likita ya ce ba don dannawar nan ba, da bai kai asibiti ba. Ban san minti nawa na ɓatar a titi ba. Ban tambaya ko da an fara da wuri zai tashi ba. Tsoron amsar nake.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Kwana na uku ya farfaɗo, na huɗu ya koma sana'arsa. Akwai wani tsohon Bature a gadon kusa da shi da ba wanda yake zuwa dubawa. Baba ya ari matajinsa. Baba mai kai sul kamar ƙwai! Baturen ya yi dariya har nas ta shigo da gudu. Daga ranar kullum da safe sai ya miƙo matajin, Baba ya taje iska ya mayar da godiya.

Malam Habibu irin mutanen nan ne da ko ƙanƙara ake yi, silifas da safa. Ya zo dubiya, Baba ya ƙura wa ƙafarsa ido.

"Malam, na asibitin nan suna da santsi. Ara mini naka."

"Baba, in koma gida da me?"

"Allah zai buɗa."

Ya cire ya ba shi. Nas ta ɗaura masa shuɗiyar leda a ƙafa, haka ya hau bas, mai neman digiri na uku.

Ni in na zo na ga Malam a ciki, sai in koma ƙasa in jira ya fita. Baba ya lura. Ranar Litinin muna mu biyu ya ce, "Luka, kunu nake so. Je gidan Malam ka aro filas ɗinsu, ka ce Rabi ta dama mini na tsamiya."

Na ce to.

Na je kanti na sayi sabon filas. Na dama kunun da kaina. Na kawo masa na ce ga shi, suna gaishe ka.

Ya karɓa. Ya juya gindin filas ɗin, takardar kanti tana manne. Ya duba ta, ya dube ni. Ya zuba ya kurɓa.

"Rabi ta lalace," ya ce. "Da ba ta gudaji."

Na kasa ɗaga kai. Ya shanye duka, har gudajin. Ya goge baki ya ce, "Ba komai, ɗana. Allah ba ya gaggawa. Ni ne nake gaggawa."

Ranar Laraba na zo da hantsi. Na leƙa ta gilashin ƙofa na ga Malam zaune a gefen gado. Na juya na sauka, na zauna a benci a waje inda masu shan taba suke tsayawa. Ina nan zaune Baba ya tafi.

Malam ne ya sauko ya nemo ni. Idonsa ja. Ya ce, "Malam Luka, Baba ya cika. Ya tambaye ka sau biyu. Sai haƙuri."

Na ce, "Yes."

Daga baya Fasto ya gaya mini abin da Malam ya gaya masa. Da Baba ya tambaye ni bai gan ni ba, sai ya ce, "To, Malam, ara mini hannunka." Da hannun a cikin nasa ya cika. Hannun da ya kamata ya riƙe yana ƙasa a kan benci, cikin aljihu.

Jana'iza kun gani. Rashid da Winston a mota ɗaya suka zo. An turo Dorin a keken marasa lafiya. Malam da ɗalibai abokansa suka tsaya a baya tun farko har aka rufe kabari, cikin ruwan sama. Da aka watse ya nufo ni da hannu a miƙe. Na sunkuya na ɗauki kujeru biyu kamar an aike ni. Kafin wata ya cika na tattara na bar garin. Ta ƙofar baya na fita da jakata, ta lungun kwandon shara, don kada in wuce ta gaban gidansa.

Kun ce mini ɗan Baba. Mata sun kawo mini abinci, maza sun ce na yi ƙoƙari, na yi jinya. Na karɓa na yi shiru. Yanzu kun san irin jinyar.

Fasto ya gaya mini a waya cewa an gayyaci Malam Habibu taron nan, kuma ya ce zai zo da iyalinsa kafin su koma Kano. To sauran maganar tasa ce.

Malam, ba kai ka ƙone gidana ba. Na san haka tun ranar da ka sauke kaya. Sanin bai hana ni ba. Ka gaishe ni shekara biyu na mai da kai kamar bango. Ka durƙusa a kan ubana ka dawo masa da numfashi, ban ce sannu ba. Ka zauna a inda ya kamata in zauna. Na gode. Ka gaya wa Rabi na san abin da ta gani, na kuma gode da ta rufe. Ban ce zuciyata ta warke ba, ƙarya ba kyau a coci. Har yanzu ba na iya tsayawa in saurari kiran salla. Amma ban taɓa roƙon kowa komai a ƙasar nan ba, yau ina roƙonka. Ka yafe mini.

Ya Ubangiji Yesu, ka karɓi bawanka Iliya. Ka ba shi hutu a wurinka, inda babu sanyi, babu matakala. Abin da ya jira a kaina bai gani ba, kada ka bar shi ya faɗi a banza. Ka albarkaci gidan Malam Habibu, ka kai su Kano lafiya. Ni kuma ka yi mini jinƙai. Amin.

Ina Manchester. Ina wanke motocin bas a wani gareji, ina da ɗaki ɗaya a saman wani shago. Na sayi tikitin zuwa Birmingham na ranar taron. Zan zauna a layin baya, kusa da ƙofa. Malam, na san kaina. In ka ga na miƙe kafin a gama karanta wannan, ka tare ƙofar.